Gubar da ke Bin Ma'aikaci Har Gida

 Manomi da ya jingine fartanya ya kunna rediyo a gindin bishiya, bakanike a gareji, uwargida a tsakar gida, direba a kan hanya, sannunku da aiki. Yau zancenmu a kan kayan aiki ne masu guba, irin waɗanda ake neman abinci da su amma suna iya cin mai neman. Za mu duba wane ne ke da alhakin sanin su, wane ne ke da alhakin koyar da su, da kuma abin da ke faruwa idan kowa ya yi shiru.

Bari mu fara da agwagi.

A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara sun ga agwaginsu suna ta mutuwa. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi, ai dabba takan mutu. Ba a jima ba sai abin ya koma kan yara. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya koma jijjiga, ya suma, kwana biyu a kai shi makwanci. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, aka ba da magungunan waɗannan cututtuka, ba su yi aiki ba. A watan Maris na wannan shekara likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, waɗanda suka shiga yankin, suka ga yawan sababbin kaburburan yara ya wuce misali. Da aka ɗebi jini aka auna, sai aka samu dalma ce. A ƙarshe aka ƙiyasta yara aƙalla 400 sun rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jikinsu, a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega.

Daga ina dalmar ta fito? Daga neman halali. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka shiga haƙo duwatsu, duwatsun kuma Allah ya yi su cakuɗe da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gari a buhuna, a farfasa, a daka a turmi a tsakar gida, a kai injin niƙa irin na hatsi a mayar da su gari, a shanya a inda ake shanya tsaba. Ƙurar ta sauka a ƙasa, ta sauka a kwanon abinci, ta maƙale a rigar maigida. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Shi ke nan. A wasu gidajen, ma'aunin dalmar da aka samu a ƙasa ya haura 100,000 a cikin miliyan, alhali a lokacin ƙa'idar Amurka ga filin da yara ke wasa 400 ce kacal. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka kwashe aka binne a nesa, aka zuba sabuwa, kafin maganin da ke janyo dalma daga jini ya yi wa yara amfani mai ɗorewa, domin ba amfanin a wanke yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Bagega ma sai 2013 aka samu aka tsabtace ta. Shekara biyu bayan nan, a 2015, irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Abin da nake so ka riƙe a nan, ya mai sauraro, shi ne waɗanda suka fi mutuwa ba su taɓa shiga rami ba. Ba su riƙe guduma ba, ba a biya su ko kwabo ba. Iyayensu kuma ba mugaye ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce dutsen nan akwai dalma a ciki, kada ya shigo gida. Ita dalma ba ta da wari, ba ta da zafi a fata, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa ko da ya rayu. Abin da masana suka koyar daga baya bai fi ƙarfin kowa ba: a yi aikin dutse a bayan gari, a niƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi, a yi wanka a sake tufa kafin a dawo gida, a hana yara zuwa wurin. Wannan shi ne horon da nake magana a kai. Da ya zo tun 2008, da labarin ya sha bamban.

To, kada wanda ke birni ya ce ai wannan zancen 'yan haƙar zinariya ne. Mai gyaran batir da ke fasa tsohon batir yana narka abin da ke ciki, ita wannan dalmar yake shaƙa. Mai ƙona zaiba don ya fitar da zinariya, hayaƙin nan da ba ya gani yana taɓa jijiyoyi, shi ne ake ganin hannu ya soma rawa. Marina masu aiki da soda, mata masu haɗa sabulun ruwa, masu fenti, masu walda, leburorin masana'antun fatu a Challawa da Sharada da Bompai a Kano, masu share asibiti, kowa da irin tasa gubar.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai feshi.

Wata damina na tsaya a bakin wata gonar wake ina kallon wani saurayi da aka ɗauko yana feshi, ana biyansa kuɗin kowane goyo. Singileti ce a jikinsa da gajeren wando, ƙafa ba takalmi. Tankin da ya goya yana yoyo, bayansa sharkaf. Da bakin abin feshin ya toshe, sai ya cire ya kai baki ya hura. Na ce, ɗan samari, ba ka tsoron maganin nan? Ya yi dariya ya ce, Baba ai mun saba, kuma in na gama madara zan sha. Mai gonar yana tsaye, hannu a aljihu, shi ma ya gyaɗa kai.

Maganganu biyu ya faɗa, dukansu kuma ƙarya ce da aka gada. Jiki ba ya sabawa da guba, tarawa yake yi. Madara kuma abinci ce, ba ta karya maganin ƙwari, ba ta wanke huhun mai walda, ba ta fitar da dalma. Haka manja. Ban san wanda ya fara yaɗa wannan zance ba, amma ya cuci mutane da yawa, domin gwangwanin madara ya zama abin da maigida ke miƙa wa yaro a madadin safar hannu.

Mutane da yawa suna zaton sai an sha guba take shiga jiki. A wurin mai feshi, fata ce babbar ƙofa, musamman idan ana zafi ana gumi. Sai hanci, sai ido, sai baki, lokacin da ya tsaya ya ɓare goro ko ya kunna sigari da hannun da bai wanke ba. Lokaci mafi haɗari kuma shi ne na haɗawa, sa'ad da maganin yake da ƙarfinsa ba a sirka ba. A nan ne za ka ga mutum ya tsoma hannu yana juyawa a bokiti.

Ɗauki kwalbar maganin ka duba gindin takardar da ke jikinta, za ka ga zanen launi ya kewaye ta. Ja, guba ce mai tsanani, ba ta ɗan koyo ba ce. Ruwan ɗorawa, mai haɗari ce. Shuɗi, da sauƙi amma a kula. Kore, ita ce mafi sauƙi, ba wai ruwan sha ba ce. An yi wannan launi ne domin wanda bai yi boko ba. A kan jarkoki da durom na masana'antu kuma akwai wasu tambura guda tara da duniya ta amince da su, kowanne a cikin jan zane mai kusurwa huɗu da aka tsayar a kan tsini. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, yana kisa nan take. Harshen wuta, yana kamawa. Ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe, yana cin nama. Mutum da wani abu kamar tauraro ya fashe a ƙirjinsa, wannan shi ne mai cutarwa a hankali, irin su ciwon daji da lalacewar huhu. Mataccen kifi da busasshiyar bishiya, kada ya shiga rafi. Duk wanda aka ba jarka ya ɗauka ba a nuna masa ma'anar waɗannan ba, an tura shi daji da dare ba fitila.

Ga kuma ta'adar da ke rusa duk wannan tsari: ɗura. A sayo babban galan, a ɗuɗɗura a robar lemo ko ta ruwan sha, a sayar a kasuwa ba suna ba takarda. Robar ta je gida, a ajiye a ƙarƙashin gado, yaro ya ga kwalbar da ya saba sha. Ɗan kasuwa, don Allah, ribar ɗurin nan nawa ce? Haka jarkar da maganin ya ƙare, sai ka gan ta a rijiya ana ɗibar ruwa, ko an zuba man gyaɗa. Ƙa'idarta a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan a huda ta yadda ba za ta ƙara riƙe komai ba.

Yanzu mu zo kan tambayar da ta kawo mu. Alhakin wa ne?

Ni dai a ganina, kuma doka ma haka ta ce, nauyin farko yana kan mai wurin. Shi ya sayo kayan, shi ya san sunansa, shi ke cin ribar. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya fitar da ƙura da hayaƙi daga inda ake aiki, ya ba da kayan kariya ga masu aiki da abin da ke cutarwa, kada kuma ya sa sabon ma'aikaci a aiki mai haɗari sai an koya masa, ana kuma duba shi. Jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke da ikon shiga su bincika. Kowane sinadari da kamfani ya sayo kuma yana da takardar bayaninsa mai sashe 16, wadda ke faɗin abin da yake yi wa jiki, yadda ake ajiye shi, abin da ba a haɗa shi da shi, da taimakon farko. Takardar nan ba ta durowar manaja ba ce. Wurinta inda ake aikin, kuma a fassara ta da bakin da leburori ke ji.

Mu kuma faɗi gaskiya a kan abin da ake kira horo. A tara mutum hamsin a ɗaki ɗaya, wani ya zo da kwat ya yi awa guda yana Turanci, a raba lemo, kowa ya sa hannu a takarda, a ɗauki hoto. Wannan shaida ce aka haɗa don ranar da mai bincike zai zo. Horo na gaske a bakin durom ake yin sa. A nuna wa mutum, a ce ya yi a gani, ya yi kuskure a gyara masa, bayan wata shida a sake. A tambaye shi, in wannan ya zube yanzu, ina za ka nufa, me za ka ɗauko, wa za ka kira? In ya tsaya yana sosa ƙeya, ba a gama ba. Kuma a haɗa da lebura na wucin gadi, da mai shara, da maigadi, da direban da ke ɗauko kayan, domin su ake mantawa, su ne kuma galibi ke kusa idan abin ya faru da tsakar dare.

Wani abu da masu gida ba sa son ji: takunkumi da safar hannu su ne matakin ƙarshe, ba na farko ba. Tambayar farko ita ce, dole ne sai da wannan gubar? Ga misali a ajiyar wake. Shekara da shekaru ana zuba masa maganin ƙwari, ko a jefa ƙwayar nan mai fitar da iska mai kisa, wani ma a ɗakin da iyali ke kwana. Sai ga buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da masu bincike na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun wajen 2007. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba ko ɗigon magani. Wanda ya koma wannan buhu ba ya bukatar takunkumi sam. In ba a iya rabuwa da gubar ba, a nemi mai sauƙinta. In babu, a killace ta, a buɗe tagogi, a sa abin zuƙe hayaƙi. Bayan duk wannan ne ake zancen abin da za a sa a jiki. Shi ma sai wanda ya dace: takunkumin ƙyalle na zamanin korona ba ya tare tururin sinadari, safar hannu ta yadi kuwa shanye maganin take yi ta riƙe shi a kan fata, gara ma a ce babu. Ta roba mai kauri ake nema, da takalmin roba, ƙafar wando a kansa ba a cikinsa ba, don kada abin da ya zubo ya gangara ciki.

Ajiya ma aiki ce. Ranar 4 ga Agusta 2020, tan 2,750 na sinadarin da ake takin zamani da shi ya fashe a tashar jiragen ruwa ta Beirut a ƙasar Labanan, bayan ya shekara shida a jibge a sito. Mutum fiye da 200 suka mutu, dubbai suka ji rauni. Jami'ai da dama sun san yana nan, an yi ta rubuta wasiƙu daga wannan ofis zuwa wancan, kowa yana jiran wani. A ƙaramin sitonka ma haka abin yake: mai kama wuta nesa da janareta, ruwan batir nesa da bilic, komai da sunansa a jiki, mutum ɗaya sananne da makulli a hannunsa.

Kai kuma ma'aikaci, ba a sauke maka naka ba. An ba ka kayan kariya ka rataye a ƙusa saboda zafi, wannan kai ka yi. Ka ga durom yana yoyo ka wuce don ba sashenka ba ne, kai ka yi. Na san abin da za ka ce, in na yi magana a sallame ni, ga mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbina. Gaskiya ne, ba zan ce maka ƙarya ba ne. Shi ya sa magana irin wannan ba a yin ta mutum ɗaya, ku haɗu ku yi ta ta bakin ƙungiyarku ko shugaban sana'arku. Wanda ya daɗe a wurin kuma, yaran da ke ƙarƙashinka kai suke kallo. In oga yana zuba ruwan batir da hannu tsirara, yaron shago ba zai taɓa neman safar hannu ba, kunya ma zai ji. Sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Ga wasu abubuwa da nake so ko yaro ya haddace. In za ka sirka ruwan batir mai ƙarfi ko soda, su ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba musu ruwa, domin tafasa suke yi su fantsamo a fuska. In abu ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, kafin ma a nemi abin hawa. In a jiki ya zuba, a tuɓe rigar nan take a yi ta wankewa. In an haɗiya, kada a sa mutum amai, domin abin da ya ƙone maƙogwaro da shiga zai sake ƙone shi da fita, kananzir da fetur kuma huhu suke faɗawa. Mai feshin da ya fara zubar da yawu, gumi yana keto masa, yana amai, idonsa ya ƙanƙance, numfashi yana sarƙewa, asibiti za a nufa da shi kai tsaye, a tafi da kwalbar maganin. Likita yana da allurar da ke karya irin wannan guba, amma sai ya san wace ce.

Sai rami. Ramin ruwan jima a masana'antar fatu, shadda, tsohuwar rijiya, tankin da aka daɗe ba a buɗe ba. A irin waɗannan wurare wata iska ke taruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya. Makircinta shi ne idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta tafi. Na farko ya shiga ya faɗi. Na biyu ya ga ɗan'uwansa a kwance ya duro don ya cece shi, ya faɗi. Sau da yawa haka ake fito da gawa uku a inda da ɗaya ce. Zumunci ne ke tura na biyun, na sani, amma kada ka bi shi. Ka yi ihu, a kira 'yan kwana-kwana. Tun farko kuma ba a shiga sai an buɗe ramin ya sha iska, da igiya ɗaure a jikin mai shiga, da mutane a sama riƙe da ita. Janareta ko injin ban ruwa kuwa ba a saukar da shi cikin rijiya, hayaƙinsa kaɗai ya isa.

Idan kuma abin ya riga ya faru, akwai haƙƙi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikaci ba. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni, ko ya kamu da ciwo saboda aikin, ko iyalan wanda ya rasu. Ma'aikaci ko danginsa su sanar da mai wurin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. A yi shi a rubuce, a riƙe kwafi, a adana takardun asibiti. Da yawa sun rasa haƙƙinsu don an lallashe su da kuɗin magani na kwana biyu.

Kafin lokaci ya cim mana, uwargida, ga naki. In maigida ko ɗanki yana ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i, kayan aikinsa kada su shiga ɗaki, kada su haɗu da na yara a bahon wanki. A ware musu bokitinsu, a wanke su a waje, ki sa roba a hannu, ruwan kuma a zubar nesa da rijiya da inda kaji ke kiwo. Takalminsa ya tsaya a zaure. In ya dawo, ɗan ƙaramin nan zai rugo da gudu yana oyoyo Baba, ki tare shi tukuna, ki miƙa wa Baban ruwa da sabulu, in ya fito ya sake riga sai ya ɗauke shi.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga gareji mu zauna da masu walda da masu gyaran batir.